Shafin da Bai Sauka Ba

Gadarif, 9 ga Ramadan

Zuwa ga taubashiyata Daktora Zuwaira, Kano.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da majinyatan da Allah ya kuɓutar daga hannunki a wannan mako. Mu nan lafiya lau, in aka cire zafi. Makarantarmu har yanzu cike take da mutanen garin Madani da yaƙi ya koro. Ajin da nake koyar da labarin ƙasa yanzu gida uku ne ke kwana a ciki, an shanya zannuwa a kan taswirar Afirka. Don haka ina da lokaci, ke kuma za ki sha karatu. Da hannu nake rubutawa in ɗauki hoto in turo, domin ban yarda da mutumin da yake tura murya kamar mai tallan gawayi ba.

Bayan haka, ina sanar da ke cikin alhini, a madadin zuriyar kakanninmu ta gabas da ta yamma, rasuwar tulun samin na gidanmu, wato man shanu a bakinku. Marigayin ya zo mana daga Showak bayan girbi, cike har wuya, kuma Huseina ta yi masa fatan ganin Babbar Sallah. Ya yi gajeruwar jinya, cokali-cokali, ba wanda ya sani. Ya cika shekaranjiya bayan azahar, a bayan ɗakin ajiya. Ya bar murfi ɗaya da cokali ɗaya. Wanda ya kashe shi bai gudu ba. An same shi zaune kusa da gawar yana lasar yatsa, da rana tsaka, ran bakwai ga azumi. Shi ne mijin Huseinar, sunansa Salihu, kuma uwa ɗaya uba ɗaya muke.

Na san kin ce ƙarya nake. Ke Salihun da kika sani shi ne na shekara takwas da suka wuce, da kika zo ganin danginki da suka maƙale a hanyar Makka, ya yanka miki rago shi kuma ya kwana da kisra, wainar dawar nan tamu mai kamar takarda, da ruwa don kada a rage wa baƙuwa. Shekara talatin yana awo a kasuwar amfanin gona, riɗi na zuba a gabansa kamar yashi, ba a taɓa ganin ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ba. Litinin da Alhamis azumi. Marigayi babanmu da shi yake dukana, ba da sanda ba. In ya same ni a inuwa da littafi sai ya ce, “Dubi yayanka.” Na duba. Shekara arba'in ina dubawa. Yanzu ga unguwa duka ta zo taya ni.

Kin tuna dara, tabarmin da maza ke shimfiɗawa a bakin titi da azumi, kowane gida ya fito da tirensa a sha ruwa tare, a tare duk mai wucewa. Dara tana da doka ko da ba a rubuta ba: ka ci daga gabanka, nama sai babba ya raba, baƙo shi ne farko. Babban darar tamu Sharu Mailafiya ne, dattijon unguwa. Jiya muna da baƙo, wani tsoho ɗan Madani da ya baro gidansa da jallabiya ɗaya. Ladan bai kai ƙarshen kabbara ta farko ba, Yaya Salihu ya miƙa hannu ya tsallake tire biyu, ya ɗauke tsoka mai kitse daga gaban baƙon.

Sharu ya ce, “Salihu, lafiya?”

Ya ce, “Lafiya lau. Kai ma ka rage ci, Sharu, tumbinka yana riga ka shiga masallaci.”

Ba wanda ya yi dariya sai ni, ni ma a cikin hannun riga. Sannan ya zuba sukari cokali bakwai a shayi, ya shanye, ya jawo kofin na kusa da shi.

Huseina tana cewa sammu ne. Sharu yana cewa iska. Ni na karanta isassun littattafai na san cewa mutum yana iya ɗaure cikinsa shekara talatin don a yabe shi, ran da mai yabon ya mutu kuma ya kwance. Babanmu ya rasu, awo ya ƙare, ba sauran mai kallo. Ban rubuto neman magani ba, kwaɗayi ba shi da allura. Na rubuto ne don a cikin dangi a samu mutum ɗaya da zai ce mini, Uzairu, ashe kai ne na kirkin.

A gaida kowa.
Taubashinki, Ustaz Uzairu

*

Kano, 12 ga Ramadan

Malam Uzairu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, majinyatana ma suna gaishe ka, sun ce ko a hannuna sun fi ɗalibanka sa'a. Allah ya jiƙan tulu. Na yi dariya a farkon takardarka, na kai ƙarshe ban yi ba.

Maganar da kake jira ba za ka ji ta daga bakina ba. Ga tambayoyi, ka amsa su ba tare da ado ba, in kana iyawa. Yaushe abin ya fara, bana ko tun bara? Yana mantuwa? Yana ɓata hanya? In jikarsa ta faɗi ta yi kuka, yana tashi? Yana maimaita abu ɗaya kullum a lokaci ɗaya? In aka yi masa faɗa, kunya tana kama shi ko kallon mutum kawai yake yi? A danginku na wajen uwa an taɓa yin wanda halinsa ya juye haka?

Ba zan iya duba mutum ta hoton takarda ba, amma abin da ka zana ya yi mini kama da wani abu da nake gani a asibiti. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, dangin ruɗewar tsufa, sai dai tana kama mutum da wuri, daga hamsin zuwa sittin da 'yan kai. Wani sashe na ƙwaƙwalwar ne yake motsewa a hankali. Masu ita sukan zauce a kan zaƙi da maiƙo. Kuma tun da kai mai karatu ne: ita ƙwaƙwalwa, in aka cire ruwanta, fiye da rabinta mai ne, jijiyoyinta a naɗe suke da shi kamar yadda ake naɗe wayar lantarki da roba. Masu bincike sun auna man da ke yawo a jinin irin waɗannan mutane, suka ɗauki hoton kawunansu, suka ga cewa yadda jikinsu ke sarrafa mai ya birkice, kuma birkicewar tana tafiya tare da motsewar.

Don haka mai yana da hannu a wannan magana. Abin da nake so ku yi, da abin da nake roƙonku kada ku yi, suna shafi na biyu. Ka karanta shi kafin ka buɗe baki a gaban kowa.

*

Gadarif, 6 ga Shawwal

Daktora,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Kada ki ga shiru ki ce raini ne: shabaka, abin da kuke kira sabis, ta koma kamar hakimi, sai ta ga dama take fitowa, kuma ba ta daɗewa. Takardarki ta iso, shafi ɗaya. Na biyun ya tsaya yana juya da'irar nan kwana uku, har na gaji da kallonsa na share shi don in samu wurin hotunan Sallah. Na san likitoci: shafin farko ilimi, na biyu a rage gishiri a riƙa tafiya da safe.

Ga amsoshinki, ba ado. Huseina ta ce tun bara da damina ya fara ɓoye tahniyya, alawar riɗin nan, a aljihu. Kowace rana ƙarfe goma yana zuwa shago ɗaya ya tsaya, ko a rufe yake. Jikarsa ta ƙone a hannu da garwashin jabana, wato tukunyar gahawarmu, tana ihu, ya tsallake ta ya ɗauki dabinon da ta yar. Amma mantuwa? Taubashiya, a nan iliminki ya zame. Mutumin nan zai faɗa miki nauyin buhun da ya auna wa wani ɗan Doka shekarar da aka yi ambaliya, da sunan direban lorin, da launin rawaninsa. Hanya kuwa ya fi jaki saninta. Ruɗewar tsufa da ba ta da mantuwa ai shayi ne da ba ganye. Na gode da ƙoƙari.

Duk da haka takardarki ta yi aiki, fiye da yadda kika zata. Ran ashirin ga azumi Yaya Salihu ya shiga gidan maƙwabta ba sallama, matan suna zaune ba mayafi, ya buɗe tukunya. Bayan an sha ruwa maza suka zauna a dara a kan maganarsa. Sharu ya ce akwai wani shehi a bayan Fau mai masid, irin wurin da ake kai masu taɓin hankali a yi musu karatu. Dokar wurin kwana arba'in ce: ba nama, ba nono, ba mai ko ɗigo, sai kisra da ruwan rubutu, domin a cewarsu abin da ke jikin mutum da maiƙo yake ƙiba, in aka hana shi sai ya rame ya fita. Wasu suka ce a fara zuwa asibiti. Ni kuma, don in ba majalisa nishaɗi, na ce ai muna da likita a dangi, na ciro waya na karanta musu shafinki, na fassara wa waɗanda Hausarsu ta tsufa. Da na kai “mai yana da hannu a wannan magana” Sharu ya buga cinya ya ce, “Halas, magana ta ƙare! Shehi ya faɗa, daktora ta faɗa. Me ya rage?”

Ki yi murna. Shekara nawa kika yi kina ƙona ido a jami'a, ga shi kin iso daidai inda wani tsoho mai carbi ya daɗe da zama. Na daɗe ban ga ilimin zamani da na gargajiya sun rungumi juna haka ba, kuma duka biyun a kan man shanu.

Huseina ce kawai ta ɓata taron. Ta zo bakin ƙofa, ta bayan dangar kara, ta ce, “Ustaz, ina magana.” Na je. Ta ce, “Shekara ashirin da tara nake zuba wa mutumin nan abinci. Bai taɓa cewa a ƙara ba. Wannan ba kwaɗayi ba ne, kwaɗayi yana ɓuya. Ku bar mini shi, zan sa kwaɗo a ɗakin ajiya.” Na ce mata kwaɗon nawa za ta saya, na unguwa duka? Ta ce, “Kai dai ka ji daɗi.” Mata!

An bar shi ya yi Sallah a gida. Ran uku ga wata aka ɗora shi a bayan boksi, motar ɗaukar kaya, aka tafi. Tun da ni ne ɗan'uwansa namiji, ni na miƙa shi ga shehin da hannuna, haka dokar take, kuma wanda ya miƙa shi kaɗai ke iya karɓo shi. Ban yarda da aljanin da ke cin samin ba, kin sani. Amma na yarda kwana arba'in na kisra gaya za su tuna wa mutum inda ya ajiye kunyarsa. Jiya an ci abinci a gidan Sharu, kowa ya samu namansa.

Uzairu

*

Kano, 7 ga Shawwal

Uzairu,

Lafiya muke. Ban da lokacin sauran gaisuwa.

Sau goma sha ɗaya na kira ka tun azumi, ba ta shiga. Na ɗauka ka karanta duka kana fushi ne don ban yabe ka ba. Ashe ka share. Na rubuta maka da hannuna cewa kada ka buɗe baki sai ka karanta shafi na biyu, ka ɗauki na farkon ka yi wasan kwaikwayo da shi a bakin titi. Ga abin da ke cikin wanda ka share, na sa shi a shafi ɗaya don kada ya fi ƙarfinka.

Wannan cutar ba da mantuwa take farawa ba. Gaban ƙwaƙwalwa take ci, nan bayan goshi, inda kunya da tausayi da sanin ya isa suke zaune. Ajiyar sunaye da lissafi da hanya tana wani wuri, takan daɗe ba a taɓa ta ba. Duk amsar da ka ba ni kana taƙama, ita ce ta ƙara tsorata ni. Mutumin da ya tsallake jikarsa tana ihu ba munafukin da ya gaji ba ne. Munafuki ya san ana kallonsa.

Maganar mai kuma: ban ce samin ne ya cinye masa kai ba. Ba wanda ya tabbatar da wanne ke jawo wanne. Abin da aka gani shi ne suna tafiya tare, kuma da alama lalacewar kan ce take sa cin, ita ce kuma take rikita yadda jiki ke juya abin da aka ci. Hana shi mai ba zai mayar da abin da ya motse ba, kamar yadda hana kurma rediyo ba zai buɗe masa kunne ba. Zai dai rame, ya bushe a wannan zafin naku, ya ci duk abin da hannunsa ya kai, ko abinci ne ko ba abinci ba. Kuma za a hukunta shi a kan abin da ba zai iya bari ba. Layin ƙarshe na shafin shi ne: kada ku kai shi inda za a ɗaure shi ko a hana shi ci.

Abin yi kaɗan ne, kuma Huseina ta riga ku sani. Kwaɗo a ɗakin ajiya. A zuba masa nasa a kwano dabam, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Wani ya zauna kusa da shi in ana ci. A gaya wa maƙwabta ciwo ne. A auna masa sukari da man jini, in hanya ta yi kyau a kai shi inda za a ɗauki hoton kansa, domin akwai wasu abubuwan da ke kama da wannan waɗanda ake iya magancewa, kuma ina roƙon Allah ya sa na yi kuskure.

Ka ce kai kaɗai ke iya karɓo shi. To ka tashi.

Zuwaira

*

Gadarif, 25 ga Shawwal

Ranki ya daɗe, shugabar likitocin Afirka ta Yamma,

Muna lafiya, tun da ba ki tambaya ba. Takardarki ta yi kwana goma sha shida a hanya, ta iso shekaranjiya da zafinta kamar yanzu aka sauke. Na karanta ta duka, har sau biyu, don kada a sake cewa na share wani abu.

Kin iya ba da umarni daga nisan ƙasa uku. Bari in gaya miki yadda ake tashi a nan. Ba a karya arba'in. Wanda ya cire mutum kafin kwanakin su cika, duk abin da ya biyo baya a wuyansa yake, kuma ya ce wa shehin ƙarya yake, ya ce wa Sharu da maza goma sha biyu da suka yanke shawarar ba su da hankali. Da waɗannan mutane nake sallah, su za su ɗauki gawata. Ke in kin gama faɗa sai ki rufe waya ki shiga mota mai sanyi. Saura kwana goma sha takwas. Mutum bai taɓa mutuwa don ya rasa man shanu kwana goma sha takwas ba, in ba haka ba da rabin mutanen da ke kwana a ajina an binne su.

Kuma ki yi mini afuwa, ilimin naki yana da daɗin zama. In ya manta, cuta ce. In bai manta ba, cuta ce mafi tsanani. Wace amsa zan ba ki da za ki ce lafiyarsa ƙalau? Masu bincikenki ma kin ce ba su san wanne ke jawo wanne ba. Mutane sun tara kuɗin duniya da injuna sun gano cewa abu biyu suna tafiya tare. Ni da Sharu ma muna tafiya tare zuwa masallaci, ba wanda ya haifi wani.

Na nemi labari. Wani direba da ya biya ta can ya ce an sa wa Yaya Salihu mari a ƙafa, don ya shiga madafa ya cinye abincin almajiran shehin. Kin gani? Ko a can. Huseina ta daina gaishe ni. Takan aiko mini da shayi ba sukari, ban sani ba ko saƙo ne ko tsada.

Zan je, amma ba don kin ce ba. Mako mai zuwa akwai lorin da zai kai iri Fau, zan bi. Zan tafi da tahniyya rabin kilo in ajiye a gabansa. In ya sunkuyar da kai ya ce, “Uzairu, na ji kunya,” to wata guda na kisra ya yi abin da jami'arki ba ta iya ba, zan bar shi ya cika kwanakinsa, ke kuma ki rubuto mini ban-haƙuri a shafi biyu. Na yi alkawarin karanta duka.

Uzairu

*

Gadarif, 5 ga Zulƙida

Zuwaira,

Ina fatan kuna lafiya. Mun dawo jiya da la'asar, mu biyu.

Lorin ya sauke ni a Fau da hantsi, na hau amalanken jaki zuwa masid ɗin. Ba mugun wuri ba ne, kada ki zana shi da ƙaho. An share tsakar gida, ana karatu, shehin tsoho ne mai sanyin murya, ya ba ni ruwa da hannunsa. Ya ce, “Ɗan'uwanka yana da taurin kai, amma abin ya fara rauni.” Ya sa aka kai ni wata rumfa a baya.

Na wuce shi. Na duba mutum huɗu da ke zaune a rumfar na juya zan ce ba ya nan, sai na ga jallabiyar da na ba shi da Sallah. Wuyansa ya zama kamar na tulu. Leɓɓansa sun tsage. Marin ya ci idon sawunsa na dama, ƙuda na bin wurin, bai kore su ba. Akwai wani baƙi-baƙi a haƙoransa, na tambayi mai kula da su, ya ce ƙasa yake ci, sun hana ya ƙi, har sabulu ya taɓa ci, shi ya sa suke ɗan taɓa shi da tsumagiya.

Na yi sallama ya amsa daidai. Na zauna. Na fito da tahniyyar, ina riƙe da ita, na ce, “Yaya, ka san ni?”

Ya ce, “Uzairu.” Idonsa a kan ledar.

Na ce, “Huseina tana gaishe ka. Ba ta barci.”

Ya ce, “Rabin kilo ne. Ya ɗan gaza.”

Na ce, “Ka san kwana nawa ka yi a nan?”

Ya ce, “Talatin da ɗaya. Ran uku ga Shawwal, bayan hantsi. Boksin Yasir, fari, taya ɗaya ba iska sosai. Sharu a gaba. Harisu ya riƙe hannuna na dama, Ubaidullah na hagu. Kai ka riƙe ƙafafuna. Ka ce a ɗaure da rawani kada in yi tsalle. Rawaninka ne, mai ruwan toka.”

Wannan ban rubuta miki ba a waccan takardar. Na ce miki an ɗora shi.

Na jira. Na rantse miki na jira ya zage ni, ko ya tofa mini yawu, ko ya juya mini baya. Da ya yi ɗaya daga ciki da na tashi da murna na ce lafiyarsa ƙalau, yayana ne yake fushi da ni. Ya faɗi abin kamar yana karanta nauyin buhun wani. Babu zargi a ciki, babu yafiya, babu kowa. Sannan ya ce, “Ba ni.” Na ba shi. Ya ci da takardar da aka naɗe ta.

Na koma wurin shehin na ce na zo karɓar amanata. Ya ce saura kwana tara. Na ce na iya lissafi. Ya dube ni ya ce, “Abin da ya biyo baya a wuyanka.” Na ce dama can a nan yake. Aka kawo mabuɗi.

A hanya na saya masa ruwa da madara, na riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kamar yadda kika ce, yana fizga ina riƙewa. Da muka sauka a bakin layinmu Sharu yana zaune da mutum biyar. Na yi sallama. Mutum ɗaya ya amsa, shi ma a ciki-ciki. Sharu ya ce, “Ustaz, ka fi mu sani ke nan.” Na ce, “A'a, Baba Sharu, ciwo ne a kansa, gobe zan zo in yi bayani in za a saurare ni.” Ya ce ba sai na wahala ba. Yau da asuba sahun da nake tsayawa ya matsa, an bar mini fili kamar mai ƙyanda.

Huseina ba ta yi kuka ba. Ta dubi ƙafarsa, ta dube ni, ta ɗora ruwan zafi. Ta riga ta sa kwaɗon tun yana can. Yanzu ni ke zama kusa da shi in ana ci, kwanonsa dabam, hannuna a kan wuyan hannunsa. Jibi za mu je a auna jinin. Ki rubuto sunayen gwaje-gwajen da manyan baƙaƙe, da abin da za a sa wa ƙafar, da abin da zan gaya wa Huseina in ta tambaye ni ko zai dawo, domin ta fara kallona kamar za ta tambaya.

Ba kwaɗayi ba ne. Na yi kuskure.

Uzairu